Motar Nan Nawa Ce?

Ina gaida mutanen Funtuwa da kewaye. Ina gaida na Bakori da Ɗanja, na Ƙafur da Malumfashi, na Ɗandume da Sabuwa da Faskari. Wanda ke gona yana karyar masara, rediyo na rataye a reshen bishiya, sannu da aiki. Direban da ke layi a tasha, Allah ya kawo lodi. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, ina gaisuwa.

Yau maganar kuɗin mota za mu yi. Kuɗin da ake faɗa maka a waya, da wanda kake gani a WhatsApp da Facebook. Na zaɓi yin maganar yanzu ne saboda kaka ta yi. Masara ta shigo, waken suya ya shigo, auduga na hanya. Kuɗi sun fara motsi a hannun manomi. Dillalan mota sun san da haka, sun ma riga mu lissafi. Duba wayarka ka gani. Hotunan motoci sun ninka na watan jiya.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu.

Kakar bara, ɗan yayata ya zo mini bayan sallar isha'i. Manomi ne, yaro mai ƙwazo. Shekara uku yana tara kuɗi, yana son Golf da zai sa a hanya tsakanin Funtuwa da Zariya, rani ya samu abin yi. Ya zauna a bakin tabarma, ya miƙo mini waya. Ya ce, "Kawu, duba wannan." Na duba. Golf ce ruwan toka, an wanke ta tana ƙyalli. A gilashin baya akwai wata 'yar takarda da aka liƙa, gefenta ɗaya ya yage. A ƙasan hoton an rubuta: "Lafiya lau take, sai tuƙi. Mai so ya kira." Babu farashi.

Na ce ka kira? Ya ce ya kira. Na ce me ya ce maka? Ya ce, "Kafin ya faɗi kuɗi sai da ya tambaye ni daga ina nake kira. Sannan ya ce nawa na tanada." Na ce ka faɗa masa? Ya sunkuyar da kai. Ya faɗa. Kuma kuɗin da aka yanka masa bai wuce abin da ya ce ya tanada ba sai da ɗan kaɗan.

Kwana biyu bayan nan ya dawo da sauri. Ya ga motar a wayar wani abokinsa, daga hannun wani dillalin daban. Mota ɗaya, hoto ɗaya, har da yagaggiyar takardar nan ta gilashin baya. Amma kuɗin ya sauka da Naira dubu 300. Da muka bi sawu har Kano, sai muka tarar mai motar wani mutum ne dabam. Waɗancan biyun ko makullinta ba su taɓa riƙewa ba. Hoto kawai ya zo hannunsu, kowa ya ɗora nasa ya tura gaba.

Jama'a, ku riƙe wannan. Hoto yana tafiya hannu zuwa hannu, kuma duk hannun da ya bi sai kuɗin ya ƙaru. Zan sake faɗa. Duk hannun da hoton ya bi, sai kuɗin ya ƙaru.

Kada a fahimce ni a baibai. Dillanci sana'a ce ta halal, tun kaka da kakanni. Da dillali muke sayen sa a kara, da shi muke kama gona. La'adarsa haƙƙinsa ce. Abin da nake ƙi shi ne la'adar da aka binne cikin farashi, mai saye bai sani ba, mai mota ma bai sani ba.

Akwai wani abu da nake so manomi ya lura da shi, don a nan muke ruɗuwa. Mu mun saba jin farashi a waya, kuma yana yi mana daidai. Ka kira ɗan'uwanka a kasuwar Ɗandume, ka ce masara nawa yau? Ya faɗa maka. Ka je ka tarar haka ne. Me ya sa? Saboda buhu buhu ne, tiya tiya ce, kuma ciniki a fili ake yinsa gaban kowa. Mun ma ɗanɗana rashin hakan a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Funtuwa da Bakori da Malumfashi da maƙwabtansu saboda matsalar tsaro. Wata da watanni mutum bai san kuɗin kayansa ba sai ya taka da ƙafarsa. To waya ta yi mana rana. Sai dai mota ta hannu ba ta da tiya. Corolla biyu, shekara ɗaya, fenti ɗaya, amma ɗaya ta taɓa nutsewa a ruwa, ɗaya tsohuwa ce ta riƙa zuwa asibiti da ita. Sunansu ɗaya, kuɗinsu ba ɗaya ba. Don haka in an ce maka "Corolla kaza ce" a waya, ba a gaya maka komai ba tukuna.

To, mu shiga kashi na biyu. Daga ina kuɗin mota ke tasowa?

Yawancin motocin da muke hawa, wani ya riga mu hawa a wata ƙasa. Muna ce musu Beljiyam, saboda da yawa daga tashar jirgin ruwa ta ƙasar Beljiyam aka riƙa lodo su. Mutanen kudu na cewa tokumbo, kalmar Yarbanci ce, ma'anarta abin da ya zo daga ƙetaren teku. Su Golf da Sharan daga Turai suke. Su Camry da Accord galibi daga Amurka, kuma da yawansu a gwanjo ake sayo su, gwanjon motocin da suka yi hatsari kamfanin inshora ya sallama su. A gyara, a fesa fenti, su fito tas.

Wanda ya sayo ta can, da Dala ya biya. Kuɗin jirgi, Dala. Ta sauka Legas, sai kuɗin fito na kwastam, shi ma da farashin Dala ake lissafa shi. Sai ladan wanda ya fito da ita daga tasha. Sai kuɗin kawo ta Arewa. Sai gyara da wanki, sai hayar fili, sai ribar dila. Kowane ɗaya yana cikin kuɗin da ake faɗa maka.

Tsofaffin direbobi za su tuna hanyar Kwatano. Mota ta sauka can, ta bi ta Nijar zuwa Maraɗi, ta shigo ta Jibiya. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar ruwa. A 2019 aka rufe iyakokin ma baki ɗaya. A shekarar dai kwastam suka bi wuraren sayar da motoci a faɗin ƙasar nan suna garƙamewa, suna neman takardun fito. A 2022 suka kawo tsarin ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi, wato na'ura ce za ta duba lambar motar ta yanke abin da za a biya. Sannan a watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen Naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500.

Na kawo wannan tarihi ne don a yi wa dila adalci. In ka ji ya ce, "Alhaji, kuɗin makon jiya ba shi ne na yau ba," sau da yawa gaskiya yake faɗa. Yana tsoron ya sayar yau, gobe kuɗin ya kasa sayo masa irinta. Wannan shi ne uzurin da suke bayarwa na ƙin rubuta farashi a ƙarƙashin hoto.

Na ji uzurin. Amma ban karɓe shi duka ba. In Dala ce matsala, ai maganin mai sauƙi ne: rubuta farashi, ka rubuta kwanan wata a gefensa. Kuɗinta kaza, daga yau zuwa Juma'a. Shi ke nan. Wanda ya ƙi yin haka, ya ce sai ka kira, sau da yawa so yake ya ji muryarka ya auna aljihunka. In ya ji kai ɗan birni ne da ya san kan mota, kuɗi ɗaya. In ya ji ka ce daga ƙauye kake, ka sayar da amfanin gona, kuɗi wani. Wannan yana ci mini rai, domin wanda ya fi shan wahala kafin ya tara kuɗin, shi ake yi wa tsada.

Kuma akwai doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, sashe na 115 ya ce duk wanda ya baje kaya don sayarwa ya nuna farashinsu. Ya kuma hana a karɓi fiye da abin da aka nuna. A ganina, wanda ya baje mota a Facebook ya baje kaya, kamar wanda ya jera su a bakin titi.

Akwai shafuka irin su Jiji da ake sa mota tare da kuɗinta a fili. Suna da amfani. Ka duba mota goma irin wadda kake so, ka ga inda kuɗin ya fi taruwa. Amma ka sani, abin da aka rubuta can kuɗin da mai kaya ya yi wa kayansa suna ne. Ba shi ne yadda aka sallama ba. Kuma wadda ta fi kowace araha a jerin, ita ce za ka fi yi wa tambaya.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan kuɗin mota da ake faɗa a waya da intanet. Yanzu mun zo kashi na uku, wanda ya fi muhimmanci. Me za ka tambaya in ka kira? Wanda ke kusa da alƙalami ya ɗauka.

Kafin komai, kada ka faɗi abin da ke aljihunka. In ya ce nawa ka tanada, ka ce, "Malam, kai ne mai kaya, yi mata suna." Haka muke yi a kara. Mai sa ne ke fara magana, sannan ka taya. Waya ba ta canza wannan ƙa'ida ba.

Sai ka tambaye shi: wace motar? Ka ce ya turo maka lambar shasi. Lambar shasi ita ce sunan yanka na mota. Haruffa ne da lambobi guda 17, kuma babu mota biyu masu iri ɗaya. A motoci da yawa za ka gan ta ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Kada ka yarda ya rubuto da hannu kawai. Ka ce ya ɗauki bidiyo yanzu, ya fara daga lambar, ya zagaya motar, ya tada inji, ya ambaci sunanka da ranar yau a ciki. Wanda motar ke gabansa, minti biyar ya gama. Wanda hoto kawai yake da shi, sai ka ji an fara kame-kame: yaron da ke da makulli ya fita, caji ya ƙare, bari zuwa gobe. In motar daga Amurka ta zo, wannan lambar tana da wani amfanin. Yaro mai wayar zamani zai iya saka ta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjonta sukan fito, ka ga yadda gabanta yake kafin a gyara, ka ga tafiyar da ta yi kafin a taɓa agogonta.

Tambaya ta gaba: kuɗin wa kake faɗa mini? Naka ne, ko na mai mota? Ka tambaya kai tsaye, ba rashin kunya ba ne. "Malam, motarka ce ko dillanci kake?" In ya ce dillanci, madalla. To nawa mai ita ya ce, nawa ne la'adarka, kuma wa zai biya, ni ko shi? Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Sai kuma wadda ta fi kama mutane: me da me ke cikin kuɗin? A nan nake so in ɗan daɗe. Ana iya ce maka miliyan kaza, ka yi murna, ka sayar da buhunan da suka yi daidai da haka. Ka isa wurin, sai a ce ai ban da la'ada. Ban da kuɗin rubuta yarjejeniya. Ban da lamba. Ban da canjin suna a takardu. Baturin da ke ciki ma na aro ne. Ka riga ka biya kuɗin mota daga Funtuwa, ka kwana a garin mutane, kunya ba za ta bar ka ka koma hannu rabbana ba. Sai ka kira gida a ƙara ɗebo buhu biyar daga abincin yara. Na ga an yi haka, ba sau ɗaya ba.

Mafi girma a cikin wannan duka, takardar kwastam. Ka tambaya a fili: an biya kuɗin fito cikakke? Ka ce a turo hoton takardar, ka duba ko lambar shasin da ke jiki ita ce ta motar. In da hali, a tantance ta a ofishin kwastam kafin ka biya. Mota mai araha saboda ba ta da takarda, ranar da aka tare ka a hanyar Kaduna ko ta Katsina, ba dillali za a kama ba. Kai za a sauke, kai da iyalinka, a bakin titi. In kuma ta gida ce, wato an riga an hau ta a nan, ka nemi takardun mai ita na asali, ka ga sunansa, ka gan shi ido da ido ko wakilinsa da aka sani. Motar sata ma kyakkyawan hoto gare ta.

Ta ƙarshe: wannan kuɗin har zuwa yaushe? In kun daidaita, ka ce ya rubuto maka. Saƙo ɗaya: irin mota, lambar shasi, kuɗi, abin da ke ciki, da ranar da maganar za ta ƙare. In ba ka karatu, ya yi saƙon murya. Ka adana. Maganar baka a waya iska ce. Rubutu ko murya da aka ajiye, shi ne shaidarka gaban shugaban 'yan kasuwa, ko gaban alƙali in ta kai ga haka.

Mu maimaita tare. Wace motar? Kuɗin wa? Me ke ciki? Har zuwa yaushe?

Kashi na huɗu gajere ne, amma ku kasa kunne. Maganar kafin alƙalami.

Za a ce maka, "Wani Alhaji na hanya da kuɗinsa, in kana so turo wani abu in riƙe maka." Wani lokaci har za ka ji wata murya a gefe tana tayawa, don ka ji zafi ka ƙara. Malamanmu sun daɗe da yin bayanin wannan. Tayin ƙarya don a tunzura mai saye, shi ake kira najashi, kuma shari'a ta hana. Haka ɓoye aibin kaya. To kai dai kada ka tura ko sisi kan motar da idonka bai gani ba, ko idon wanda ka amince da shi. Hausawa sun gama magana, ba a cinikin biri a sama. In ba za ka iya zuwa ba, ka biya makanikenka kuɗin mota da na abinci ya je ya duba. Ya shiga ƙarƙashinta, ya taɓa inji da sassafe kafin a ɗumama shi, ya hau ta ya ji giya.

Akwai kuma masu cewa su jami'an kwastam ne, suna gwanjon motocin da aka kama. Hilux a kuɗin babur. Su sa hoton mutum da kaki, su ce ka tura kuɗin fom. Hukumar kwastam ta sha fitowa tana gargaɗi kan waɗannan mutane. Ba ta sayar da mota ta WhatsApp, ba ta karɓar kuɗi a asusun wani mutum.

Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba mai son yawo da kuɗi a jaka. Turawa ta banki ta fi. Amma ka tura kana tsaye gaban motar, makulli da takardu na kan tebur, ga shaidu. Ka karanta sunan da ya fito a wayarka kafin ka danna. In sunan ba na mai motar ba ne, ba kuma na kamfanin ba, ka dakata ka tambayi dalili. A rubuta rasit, a sa lambar shasi a ciki.

Yanzu gare ku, 'yan'uwana masu sayar da motoci, na Funtuwa da na Zariya da na Kano da Kaduna. Na san da yawanku, mun yi sahu ɗaya a masallaci. Na san akwai masu tsoron Allah a cikinku, waɗanda za su ce maka, "Wannan an taɓa buɗe injinta, shi ya sa na rage." Roƙona gare ku ƙarami ne. Ku sa kuɗi a ƙarƙashin hoto. Ku sa kwanan wata. In dillanci ne ku ce dillanci ne. Ku hana yaranku ɗaukar hoton motar da ba a ba su izini ba. Mutumin da ya kira ku daga Ƙafur ko Ɗanja, kuɗin da ke hannunsa damina ce guda. Taki ya saya da tsada, ya yi noma cikin fargaba, wani ma bai kwana gidansa ba saboda tsaro. In kun yi masa gaskiya, baɗi shi zai kawo muku ƙaninsa da surukinsa.

Ɗan yayata kuwa, bai sayi Golf ɗin nan ba. Makaniken da muka tafi da shi ya ɗaga kafet ɗin ƙasa, ya nuna mana walda daga wannan gefe zuwa wancan. Muka yi sallama muka fito. Sai bayan mako uku ya samu wata a Zariya, hannun mai ita, aka rubuta komai a takarda gaban mutum biyu. Ita yake ja yanzu. In kun hau wata Golf mai ruwan ganye daga tasha, kuka ji direba na tambayar fasinja kuɗin masara a garinsu, wataƙila shi ne.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan zo muku da makanike, ya nuna mana wuraren da ake dubawa a jikin mota kafin a biya, tun daga hayaƙi har zuwa ƙasan kafet. Wanda ke da tambaya ya tanade ta.